GARGAƊI: Ɗan damfara na farautar masu neman magazin ɗin Para a Amurka

Jama'a, duk wanda ke harbin gasa a nan Amurka kuma yake riƙe da fistol ɗin Para, ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Dala 640 wani macuci ya cinye mana, mu uku da muke atisaye tare. Dala 640. Magazin (gidan harsashi) biyar, kowane a kan dala 120, da dala 40 kuɗin aikawa. Har yau ko sifirin ɗin cikin magazin ɗaya bai iso ba.

Kuma kada wanda ya zo ya ce min kwaɗayin araha ne. Dala 120 a kan magazin ɗaya araha ce? Da cewa ya yi dala 30, da tun a nan aka rabu. Farashin da ya faɗa shi ne wanda mai kayan gaske zai faɗa, wannan kuwa da gangan ne.

Wanda bai san harkar ba, ga tushen matsalar. Para Ordnance kamfanin Kanada ne, an kafa shi a 1985, ya koma North Carolina, Freedom Group ta saye shi a 2012, a 2015 aka narkar da sunan cikin Remington, ita kuma Remington ta karye a 2020. Bindigogin suna nan a hannun mutane suna aiki lafiya, amma gidan harsashi na asali ba a ƙera shi. Fistol ɗin Para samfurin P16-40 tana cin harsashi 16 na .40 da magazin ɗinta na gida. Mai shiga rukunin Limited na USPSA, ƙungiyar gasar harbi ta Amurka, kuwa yana son ya cike tsawon magazin da dokar gasa ta ba shi, milimita 141.25, sai ya sa wa magazin doguwar ƙafa, wato murfin ƙasa mai ƙara masa tsawo, ya sauya sifirin da ɗan robar da ke turo harsashi sama, ya samu ashirin ko kusa da haka. Magazin ɗin kamfanin STI, wanda yanzu ake kira Staccato, ba ya zama a Para, jikinsu daban ne. To ka ga masu nema da yawa, kaya kaɗan. A nan ɓarawon ya kafa shagonsa.

Yadda suke yi: kana sanya cigiyar kaya, sai wani ya turo maka saƙo ta bayan fage, wai shi ba shi da su amma abokinsa da ya daina gasa yana da su, ga adireshin imel ɗinsa. Mutum ɗaya ne, shi ne mai nuni shi ne mai kaya. Namu macucin ya yi tambayar da har yanzu take min yawo a kai: "Wace jiha kake?" Wai ba zai aika California ko New York ko New Jersey ba, domin can an taƙaita magazin ga harsashi goma. Don Allah ku gaya min, wane ɗan damfara ne ke nuna yana shirye ya fasa ciniki saboda bin doka? Wace jiha kake. Wannan tambayar ce ta buɗe masa aljihunmu, kuma duk mai hankali da ya ji ta zai saki jiki.

Bai tsaya nan ba. Ya san harka, ko ya haddace maganar waɗanda suka sani. Ya ce biyu daga ciki sifirin ɗinsu ya gaji, harsashin ƙarshe na dukan hanya da hanci ya ƙi shiga, a sauya. Ya ce an gyara robar turawa don kada silaid, saman bindigar da ke ja da baya, ya maƙale a baya in harsashi ya ƙare, kamar yadda 'yan Limited da yawa ke yi. Ya ce duk biyar sun ci gwajin geji, ma'aunin tsawon magazin a gasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in magazin ya zarce milimita 141.25 a wajen gasa, rukunin Open za a tura ka, ka je ka yi karo da masu madubin saiti da magazin na milimita 170. Mai sayarwa da ke tona aibin kayansa da bakinsa, ta yaya za ka ce maƙaryaci ne?

An nemi hoto da suna da kwanan wata a rubuce da hannu a gefen kayan, ya turo. Daga baya da aka faɗaɗa hoton, takardar ba ta da inuwa, liƙa ta aka yi da kwamfuta. Hoton asali kuma na wani tsohon talla ne da aka sayar da kayansa tuntuni. Zan saka hotunan biyu gefe da gefe, da dukkan hirar, da shaidar tura kuɗin, ina rufe sunayen abokaina ne kawai.

Sai maganar biya. Ya ce PayPal ba ya yarda da cinikin irin waɗannan kaya, kuma gaskiya ne, ƙa'idarsu ta hana. Don haka a yi ta Zelle, hanyar tura kuɗi daga banki zuwa banki. Zelle kuwa tamkar miƙa kuɗi hannu da hannu ne, ba ya da kariyar mai saye, in kai ka danna da yatsanka bankinka zai ce kai ka amince. Haka namu ya ce. Dala 640, cikin daƙiƙa.

Lambar bin sawun kaya ma ya bayar. Ta gaske ce, amma abin da take nunawa kawai shi ne an buga takardar aikawa, gidan waya na jiran kaya. Kowa na iya buga wannan takarda a ɗakinsa ba tare da ya kai kwali ba. Sannan ya dawo wai an riƙe kayan, sai an biya dala 150 na izinin dila mai lasisi. Ƙarya tsagwaronta. A dokar tarayya magazin ba bindiga ba ne, ba ya bi ta hannun dila, har ƙofar gida ake kawo shi in jiharka ta yarda. Wannan dala 150 ɗin bai gan ta ba. Da aka ce ya yi kiran bidiyo ya sa magazin ɗaya a geji, sai imel ya mutu, mai nunin ma ya ɓace. Na manta ban faɗa ba, sunan da ke kan asusun Zelle daban yake da wanda yake sa hannu da shi, ya ce na matarsa ne.

Wani abin haushin, kamfanin Mec-Gar na Italiya na ƙera magazin samfurin Para, kuma fistol ɗin Rock Island masu jera harsashi layi biyu da wannan samfurin suke aiki. Sabo daga shago mai rasit, a nemi ƙafar da ta dace da shi, a auna, a gwada a fili kafin ranar gasa. 'Yan'uwa na gida kuma kada wanda ya ce in aiko masa, fitar da irin wannan kaya daga Amurka sai da lasisi, fistol kuma dokar makamai ta Najeriya ta haramta ta.

An kai ƙara ga IC3, sashen FBI mai karɓar ƙorafin damfarar intanet, da masu binciken gidan waya. Ku dai kada ku bi "abokina yana da shi". Ba kiran bidiyo da geji a hannu, ba ciniki. Ba Zelle ga wanda ba ku taɓa gani ba. Hotunan hirar na nan tafe da daddare in sha Allahu.