Na'ura ɗaya don finafinai da takardun gida, ko kowanne da tasa?

Ɗan'uwa, tambayarka ta ƙunshi buƙatu biyu. Kana da talabijin mai kyau amma wadda ba ta shiga intanet, kuma kana so iyali su riƙa kallon finafinai da shirye-shirye a kanta. Kana kuma da kwali cike da takardun gida, tun daga shaidar haihuwar yara da sakamakon makaranta har zuwa rasitai da yarjejeniyar haya, waɗanda kake so ka mayar cikin kwamfuta kafin ruwa ko gara su riga ka. An ba ka shawarar sayen kwamfutar ajiya ta gida, wadda ake kira NAS, domin ta ɗauki ayyukan biyu, kai kuma kana tunanin ko ƙaramar na'urar da ake sokawa a bayan talabijin, haɗe da wayarka da ma'ajiyar intanet, za su wadatar. Ra'ayina shi ne kada ka bari na'ura ɗaya ta yanke maka hukunci a kan duka biyun, domin fim yana da girma amma idan ya ɓace ana sake samunsa, ita kuwa takarda ba ta cin wuri amma wata idan ta salwanta sai an sha wahala kafin a sami madadinta.

Mu fara da kallo. Ƙananan na'urorin da suka fi shahara gida huɗu ne. Roku ya fito da tasa a 2008, kuma a farko don Netflix kaɗai aka yi ta. Har yanzu ita ce mafi sauƙin sarrafawa ga yara da dattawa, sai dai ba a kowace ƙasa ake sayar da ita a hukumance ba, kuma ba ta karɓar Kodi, manhajar da ake kunna finafinan da mutum ya ajiye da ita. Amazon ya fito da Fire TV Stick a 2014, tana da araha da sauri, amma shafinta na farko cike yake da tallan shirye-shiryen kamfanin, abin da yakan gundiri wasu. Google ya fara da Chromecast a 2013, wadda ba ta da rimot sai dai a tura mata bidiyo daga waya, ya ƙara mata rimot a 2020, sannan a 2024 ya daina yin ta ya maye gurbinta da Google TV Streamer, mai wurin ajiya na gigabait 32 da ƙofar jona kebul na intanet. Apple TV ta fi su tsada, ta fi su natsuwa daga talla, amma amfaninta ya fi bayyana a gidan da dama ake riƙe da iPhone. Dukkansu suna shiga ƙofar HDMI, wato ramin talabijin da ke karɓar hoto da sauti, suna neman Wi-Fi, kuma cikin 'yan mintoci mutum ya gama saita su.

Abin da ya fi bambanta su a wurin mai amfani ba sunan kamfani ba ne, ƙananan abubuwa ne da ba a cika rubuta su da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba. Da yawa daga cikin masu siffar sanda gigabait 8 kaɗai suke da shi na ajiya, wanda tsarin na'urar ya riga ya cinye wani kaso, don haka manhajoji kaɗan ke cika su. Ƙofar USB ta talabijin ba kullum take ba da isasshiyar wuta ba, shi ya sa na'urar da ke mutuwa tana tashi da kanta takan daidaita da zarar an jona ta da cajarta a bango. Wi-Fi mai zangon 5 GHz ya fi sauri amma ba ya ratsa bango kamar mai 2.4 GHz, saboda haka nisan talabijin da na'urar Wi-Fi ya fi ƙarfin sandar tasiri. Game da intanet ɗin kansa, Netflix yana ba da shawarar megabit 5 a daƙiƙa don hoton 1080p da megabit 15 don 4K, kuma awa ɗaya na iya cin gigabait 3 a HD, har zuwa 7 a 4K. Wanda datarsa ke da iyaka ya kamata ya yi wannan lissafin kafin ya yi na kuɗin na'ura. Idan kuma talabijin ɗinka ba 4K ba ce, babu dalilin biyan ƙari don hoton da ba za ta iya nunawa ba.

Akwai akwatunan Android marasa sanannen suna da ake talla cewa suna buɗe duk tashoshin duniya kyauta. Ka guje su. Yawancinsu ba su da shaidar amincewar Google, don haka Netflix da makamantansa ba sa ba su hoto mai kyau, kuma a 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wata muguwar manhaja mai suna BADBOX 2.0 da ake samu a cikin irin waɗannan na'urori, wani lokaci tun kafin su isa hannun mai saye. Na'urar da ke zaune a kan Wi-Fi ɗaya da takardun gidanka ba wurin yin arha ba ce.

Ita kuwa NAS, ko tsohuwar kwamfuta da aka mayar ma'ajiya, aikinta daban ne: tana riƙe fayilolinka ne ta rarraba su a cikin gida. Ana ɗora mata manhajar Plex ko ta Jellyfin, su jera finafinai da hotunan fasta da bayani kamar yadda manyan kamfanoni ke yi. Jellyfin kyauta ce gaba ɗaya, ta samo asali daga wata manhaja mai suna Emby a 2018, kuma ba ta buƙatar asusu a wurin kowane kamfani. Plex ta fi ta ƙayatarwa da sauƙin saiti, amma tun 2025 kallon fayilolinka daga wajen gida ya koma cikin abubuwan da ake biya. Babban alfanun wannan hanya shi ne kallo ba ya cin data, kuma yankewar intanet ba ta hana bidiyo tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki matuƙar Wi-Fi na gida na aiki. Amma ga abin da wanda ya ba ka shawara wataƙila bai ambata ba: NAS ba ta maye gurbin ƙaramar na'urar. Talabijin ɗin da ba ta shiga intanet har yanzu tana buƙatar abin da zai karɓi bidiyon ya nuna mata, wato galibi sai ka sayi sandar duk da haka. Sannan sai ka tanadi finafinan da kanka. Faifan DVD yana ɗaukar gigabait 4.7 ko 8.5, na Blu-ray 25 ko 50, kwafe su yana cin lokaci, kuma dokar yin hakan ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Idan fayil ya zo da tsarin da sandar ba ta iya karantawa, misali H.265 ga tsohuwar na'ura mai H.264 kaɗai, sai NAS ta riƙa juya shi yayin kallo, kuma masu ƙaramin ƙarfi sukan kasa, hoton ya dinga tsayawa.

Don haka a ɓangaren kallo hukuncin a fili yake. Wanda abin da zai kalla yana YouTube da Netflix da makamantansu, sanda ta ishe shi. NAS ta dace da mai tarin faya-fayai ko bidiyon iyali masu yawa, wanda kuma ba ya jin nauyin sabunta manhaja da sauya faifan ajiya idan ya mutu, da biyan wutar na'urar da ba a kashewa.

Batun takardu ya fi buƙatar natsuwa, kuma shi ma kashi biyu ne: yadda za a ɗauke su da inda za a ajiye su. A ɗauka, zaɓin yana tsakanin waya da sikana. Ma'aunin da aka saba bi ga rubutu shi ne ɗigo 300 a kowane inci, wanda a takardar A4 ke nufin ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo, kimanin megafiksel 8.7. Ke nan kyamarar waya mai megafiksel 12 ta kai, idan takardar ta cika allon. Manhajar Google Drive tana da wurin yin sikanin, haka Adobe Scan, haka manhajar rubutu ta iPhone tun 2017, kuma dukkansu suna gyara karkatar takarda su fitar da PDF. Matsalar waya ba ƙarancin ɗigo ba ce, inuwar hannu ce da ƙyallin takarda mai sheƙi da lanƙwasar shafi, sai kuma gajiya, domin wanda ya fara da zumuɗi yakan ajiye aikin tun kwalin bai yi rabi ba. Sikana mai jan takarda da kanta ta magance wannan. ScanSnap iX1600, alal misali, tana ɗaukar takarda 50 a lokaci guda, tana karanta gaba da baya, takarda 40 a minti. Sai dai dole a cire ƙarfen da aka ɗinke takardu da shi, kuma ba a ba ta tsohuwar takarda mai rauni ko fasfo ko shaida mai hatimi, domin tana iya yaga su. Irin waɗannan sai sikana mai gilashi, wadda take a hankali amma ba ta taɓa lafiyar takarda, kuma ita ce ta dace da tsofaffin hotuna a ɗigo 600. Ga kwali guda, ni ba zan sayi sikana mai jan takarda ba. Waya za ta yi mafi yawan aikin, muhimman shaidu kuma a nemi mai gilashi ko da ta aro ce. Mai ƙaramar sana'a da takardu ke shigo masa kullum, lissafinsa daban ne.

Ko da me aka ɗauka, a fara da rasitan da injin kanti ke fitarwa, domin ba tawada ce a jikinsu ba, zafi ne ke fito da rubutun, kuma sukan koɗe har su koma fari, sau da yawa kafin garantin kayan ya ƙare. A kunna tsarin gane rubutu, wato OCR, don a iya nemo takarda da kalmar da ke cikinta, amma kada a dogara da shi ga rubutun hannu. Idan manhajar ta ba da zaɓin PDF/A, a ɗauke shi, domin tsari ne da hukumar tsara ma'aunai ta duniya, ISO, ta amince da shi a 2005 musamman don ajiya mai tsawo, yana ƙunshe da duk abin da fayil ke buƙata don ya buɗe daidai bayan shekaru. Sunan fayil kuma a fara shi da shekara, sannan wata, sannan rana, kamar 2024-03-15 sai abin da takardar ta ƙunsa, ta yadda kwamfuta za ta jera su bisa tsarin lokaci ba tare da an taɓa su ba. Wannan ƙaramar ɗabi'a ta fi kowace manhaja amfani.

A wurin ajiya ne kwatancin ya fi armashi. Shafi 1,000 na rubutu da aka matse ba kasafai suke wuce gigabait 1 ba, Google kuma yana ba da gigabait 15 kyauta, iCloud da OneDrive 5 kowanne. Wato takardun gida gaba ɗaya ba su kai girman faifan fim ɗaya ba, kuma sayen NAS dominsu kamar hayar babbar mota ce don ɗaukar jaka guda. Ma'ajiyar intanet tana da fa'idar cewa gobara ko ɓarawo a gidanka ba su shafe ta ba, kuma kana iya fito da takarda a waya duk inda aka nema. Haɗarinta shi ne asusun kansa: idan aka sace kalmar sirri ko aka rufe asusun, komai ya tafi tare. Maganin shi ne tabbaci mai mataki biyu, wato a nemi wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri kafin a shiga asusun, da kulle takardu masu sirri kafin a ɗora su, ko da manhajar Cryptomator ko da 7-Zip mai kalmar sirri. NAS kuwa tana barin komai a hannunka, kuma da manhaja kamar Paperless-ngx tana iya karanta takardu ta rarraba su da kanta, abin sha'awa ne ga mai son harkar. Amma tana ɗaki ɗaya da kwalin da kake tsoron ya lalace, kuma faifai biyu masu kwafin juna a cikinta suna kare ka ne daga mutuwar faifai ɗaya kawai, ba daga kuskuren gogewa ko ruwa ba. Idan kuma aka buɗe ta ga intanet ba tare da kulawa ba, ta zama abin hari. A 2022 muguwar manhajar DeadBolt ta kulle fayilolin dubban na'urorin NAS na kamfanin QNAP, waɗanda suka sako ta suka nemi kuɗin fansa.

Masu harkar ajiya suna bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi 3, a kan nau'in ajiya 2, ɗaya daga ciki a wajen gida. Kai za ka cika ta ba tare da NAS ba, da kwafi a kwamfutarka, wani a faifan ajiya na USB da ke cikin aljihun tebur, na uku a ma'ajiyar intanet. Lokaci-lokaci ka buɗe wasu fayiloli daga faifan ka tabbatar suna aiki, kuma ka sanar da wani babba a gidan yadda zai kai gare su idan ba ka nan.

Saboda haka shawarata ita ce ka sayi sanda daga sanannen kamfani wadda ake tallafa wa a ƙasar da kake, ka fara takardun da wayarka, ka jinkirta NAS har sai tarin bidiyonka ya nemi ita da kansa. Idan ranar ta zo, sandar da ka saya za ta yi aiki da ita, takardun kuma su sami kwafi na huɗu. Game da asalin takardun, sikanin ba ya ba ka izinin zubar da duka. Shaidar haihuwa da ta aure, takardun fili da gida, shaidar kammala karatu da wasiyya, hukumomi da kotuna sukan nemi na asali, don haka a ajiye su a jaka mai hana ruwa. Tsofaffin takardun banki da na biyan wuta da ka tabbatar ba a buƙatarsu kuma, a yayyage su ƙanana kafin a zubar, saboda suna ɗauke da sunanka da adireshinka da lambar asusunka.