Mai ne ko wuta? Dalilai biyu da ke kashe ƙarfin tsohuwar mota idan an taka totur

Malam, ka ce tsohuwar motarka mai kafireta tana tashi da bugu ɗaya kuma tana sulo lafiya lau, amma da zarar ka taka totur domin wuce wata mota ko hawa tudu sai ƙarfinta ya mutu, kuma kana so ka san ko laifin daga ɓangaren mai yake ko daga ɓangaren wuta kafin ka sayi sabuwar kafireta. Shawarata ita ce ka dakata da sayen tukuna, domin waɗannan cututtuka biyu suna kama da juna ne a baki kawai, amma a kan hanya kowace tana da lokacin da take bayyana da irin sautin da take yi, kuma wanda ya lura da su zai san inda zai sa sifana tun kafin ya buɗe bonet.

Da farko dai, kyawun sulo ba shaida ba ce ga kowane ɓangare. Lokacin da inji yake sulo, ƙofar iskar kafireta kusan a rufe take, man da yake sha kaɗan ne ƙwarai, ta ƙaramin jet ɗin sulo, wato ɗan ramin da ke auna fetur, yake bi, kuma matsin da ke cikin silinda ba shi da yawa, saboda haka ko tartsatsi mai rauni yana iya tsallake bakin fulogi. Idan aka taka totur, buƙatu biyu ne suke tashi a lokaci guda. Injin yana neman mai da yawa, har gaurayen yakan sauka daga kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur zuwa wajen 12.5 ko 13 idan ana neman cikakken ƙarfi. Haka kuma iskar da ta cika silinda tana matsuwa sosai, kuma gwargwadon ƙaruwar matsin, gwargwadon ƙarfin wutar da tartsatsi yake buƙata kafin ya tsallake. Famfon mai da ya gaji da kwayil (mai ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi) da ya gaji duk suna iya ɗaukar sulo, kuma dukansu biyu a wannan gaɓar suke kasawa.

Bambanci mafi amfani shi ne lokacin da ƙarfin yake mutuwa. Ƙarancin mai yana da jinkiri. Kafireta tana da ɗan kwano da take tara fetur a ciki, fulot da allurarsa suna riƙe da ma'aunin, don haka ko da famfo ba ya kawo isasshen mai, motar za ta ja da kyau na ɗan lokaci da abin da ke cikin kwanon. Tamkar tulu ne da ake ɗiba daga cikinsa fiye da yadda ake zuba masa: ba a ganin komai sai ya kusa ƙarewa. Direba zai ji motar ta ɗauka sosai, bayan wasu daƙiƙu sai ta fara laushi kamar an ja ta baya, idan ya ɗaga ƙafa ya bar ta ta huta kaɗan sai kwanon ya sake cika, ƙarfin ya dawo, a sake maimaitawa. Tudu mai tsawo da gudu mai ɗorewa a babbar hanya su ne suke tona wannan cuta. Raunin wuta kuwa ba ya jira. A daidai lokacin da nauyi ya hau kan injin yake bayyana, da fizga da tsalle-tsalle, kuma ya fi tsanani idan motar tana babbar giya alhali injin yana juyawa a hankali, domin a nan silinda take cika da iska sosai. Idan direba ya ɗan sassauta totur, fizgar takan tsaya nan take ba tare da wani hutu ba, idan ya sake takawa ta dawo nan take. Ga wanda yake da daƙiƙa goma a kan hanya mara cunkoso, wannan gwajin kaɗai yakan raba gardama.

Akwai nau'i na uku da yake ɓangaren mai amma ba shi da jinkiri, kuma shi ne ya fi ruɗa mutane. Idan aka buɗe ƙofar iska farat ɗaya, iska tana shiga kafin fetur ya biyo ta, saboda fetur ya fi nauyi. Domin cike wannan giɓi, yawancin kafiretoci, irin su Solex da Weber da Holley, suna da ɗan famfon totur da ke feso mai kai tsaye cikin maƙogwaron. Idan faifan robarsa ya tsage ko bakin feshin ya toshe, motar za ta yi shiru na ɗan lokaci da zarar an taka, kamar za ta mutu, sannan ta farfaɗo ta ja yadda ya kamata har ƙarshe. Alamarsa ita ce idan aka taka totur sannu a hankali ba a jin komai. Duba shi ba wuya: a kashe inji, a cire tukunyar iska, a leƙa maƙogwaron da tocila, a motsa totur da hannu, ya kamata a ga feshi mai ƙarfi mara yankewa tun daga farkon motsin. Kafiretar SU da ke cikin tsofaffin motocin Ingila da yawa ba ta da wannan famfo. Man da ake zubawa a samanta shi ke rage saurin tashin fistin ɗinta ya yi wannan aiki, don haka idan ya ƙafe irin wannan shirun ake samu.

Sauti ma yana taimakawa, ko da yake ban ɗauke shi da ƙarfin shaidar lokaci ba. Injin da mai ya yi wa kaɗan yakan yi atishawa ta kafireta, domin gauraye mara isasshen fetur yana ci a hankali har bawul ɗin shiga ya sake buɗewa wuta ba ta gama mutuwa ba. Injin da wuta ta yi wa rauni yakan yi harbi ta salansa, tare da warin ɗanyen fetur, domin man da bai ƙone a silinda ba ya je ya kama a bututun hayaƙi. Sai dai hular distirbuta (mai rarraba wuta ga fulogogi) da ta tsage, ko wayoyin fulogi biyu da wuta take tsallakawa tsakaninsu, suna iya kunna silinda ba a lokacinta ba su jawo atishawa ta kafireta, shi ya sa bai kamata a yanke hukunci da kunne kaɗai ba.

Idan motarka tana da cok na hannu, wanda yake ƙara yawan fetur a cikin gaurayen, ka ja shi rabi a lokacin da take laushi. In ƙarfin ya ƙaru, gaurayen ne ya yi ƙarancin mai, sai a nemi babban jet da ya toshe ko iskar da ke kutsawa ta gaskit ɗin gindin kafireta ko ta wani tiyo da ya tsage. In abin ya ƙara muni ko bai canza ba, hankali ya fi komawa ga wuta. Amma a tuna cewa idan kwanon ya riga ya bushe, cok ba shi da abin da zai jawo, don haka rashin canji bai wanke famfo da filta ba. Gwajin da yake wanke su shi ne wannan: a wuri mara haɗari, a daidai lokacin da motar ta yi laushi, a taka kuloci a kashe inji ba tare da an murɗa makulli har ya kulle sitiyari ba, a gangara gefe, a buɗe saman kafireta. Kwano cike yana nufin mai yana isowa. Kwano da ya kusa bushewa yana nufin mai ba ya isowa yadda ya kamata. A wannan tsayuwar kuma a cire fulogi a duba: fari fat alamar ƙarancin mai ne, baƙi mai toka alamar yawansa, jiƙaƙƙe da fetur kuma alamar bai sami wuta ba. Fulogin da aka duba bayan an bar mota ta yi sulo a gida ba ya faɗin komai game da abin da ya faru a kan tudu.

Zafi yana shafar ɓangarorin biyu, kuma a nan ake yawan ɗora laifi inda ba ya nan. Fetur yana iya tafasa a cikin bututun da ya bi kusa da manifol ɗin hayaƙi, tururin ya hana famfo ja, kuma yawanci bayan an tsaya na ɗan lokaci da inji mai zafi ake ganin haka. Sanya jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo da bututun yakan dawo da motar. Kwayil da kwandansa kuwa sukan yi aiki da sanyi su kasa da zafi, kuma tsumma a kan famfo ba zai yi musu komai ba. A gwada tartsatsin tun injin yana da zafi, da abin riƙewa mai roba: ya kamata ya zama shuɗi mai ƙara, ya tsallake tazarar milimita 6 ko fiye a sarari.

Idan shaida ta nuna mai, a bi shi daga tanki zuwa gaba, kada a fara da kafireta. Ƙofar numfashin tanki takan toshe, kuma ana gane haka idan aka buɗe murfi aka ji ya zuƙi iska, ko matsalar ta ɓace idan an yi tafiya da murfin a sassauce. Tsatsar tsohon tanki takan taru a bakin bututu ta saki idan an kashe inji. Tsohon tiyo yakan ruɓe ta ciki, musamman da fetur mai gaurayen etanol, ko ya manne idan famfo ya ja da ƙarfi. Shi kansa famfon a auna masa abu biyu, matsi da yawa. Holley a manyan injinan Amurka tana son matsin psi (ma'aunin matsi) 5 zuwa 7, Weber kuwa wajen 3 take so, kuma littafin motar ne alƙali. Matsi yana iya cika alhali yawan man bai kai ba, shi ya sa ake tara shi a kwalba a auna. Duk wannan a yi shi a fili, injin da sanyi, wayar kwayil a cire, kuma abin kashe gobara a kusa.

Idan shaida ta nuna wuta, a fara da kwantak, ƙarafa biyun da ke buɗewa da rufewa a cikin distirbuta don haifar da tartsatsi. Ɗan robar da ke gogar kam ɗin distirbuta yana cinyewa da tafiya, tazarar kwantak ta ragu, tartsatsi ya raunana, tayimin, wato lokacin da tartsatsi yake tashi, ya koma baya, duk a lokaci ɗaya. A injina da yawa masu silinda huɗu, kamar na Volkswagen Beetle, tazarar milimita 0.4 ce, kuma ita ake fara daidaitawa kafin tayimin, domin taɓa ta yana motsa shi. Daga nan a duba hula da rota da wayoyi. A cikin duhu ana iya ganin wuta tana tsalle daga wayar da ta lalace. Akwai kuma lalacewar da ba ta fizga ba ta harbi, motar dai ta zama malalaciya ta riƙa zafi: ƙarafan nauyi biyu da ke ƙarƙashin farantin distirbuta, waɗanda suke gaggauta tartsatsi idan gudun inji ya ƙaru, sukan maƙale saboda tsatsa da busasshen giris. A murɗa rota da hannu ta ɓangaren da take juyawa, ya kamata ta ɗan motsa ta dawo da kanta. Da fitilar tayimin kuma ya kamata a ga alamar tana gusawa sannu a hankali idan an taka totur.

Inda shaidar ba ta fito fili ba, ni ɓangaren wuta nake fifita a fara da shi. Kayansa ne suke cinyewa da amfani, duba su ba ya buƙatar wargaza komai, kuma ba zai yiwu a daidaita kafireta daidai a kan injin da tayimin ɗinsa ya kauce ba. Kafireta kuwa ba ta cika sauya saitinta da kanta ba sai dai datti ya shige ta, kuma wanda ya fara murɗa sukurorinta ya ƙara wa kansa ciwo na biyu a kan na farko, har ya kasa gane wanne yake magani. Sabuwar kafireta a kan tanki mai tsatsa za ta toshe kamar yadda tsohuwar ta toshe.

Abu biyu da ba mai ba ne ba wuta ba suna iya shiga wannan siffa. Idan ƙarar injin tana tashi amma gudun motar ba ya ƙaruwa, kuloci ne yake santsi. Idan kuma motar tana ƙara shaƙewa gwargwadon gudun injin, a duba filtar iska sannan a tuhumi salansar da ta rufta ta ciki. Agogon auna zuƙar iska da aka haɗa da manifol ɗin shigar iska yana nuna inci 17 zuwa 21 a ma'auninsa a sulo ga lafiyayyen inji a ƙasa mara tudu sosai. Idan aka riƙe injin a wajen juyi 2,500 a minti aka ga allurar tana sauka a hankali, hayaƙi ne ba ya samun hanyar fita. In duk waɗannan sun fito lafiya, sai a duba tazarar bawul a auna matsin kowace silinda.