Makarantar koyon tuƙin da na kai ƙanena a Kano, da abin da suke koyarwa a bakin danja

Assalamu alaikum jama'a. Masu tambayata inda ƙanena ya koyi mota, to ga bayanin dalla dalla. Wata ƙaramar makarantar koyon tuƙi ce a wajajen Zoo Road, ba wani ƙaton ofis gare su ba, shago ɗaya ne da benci da allo mai hotunan alamomin hanya, motocinsu biyu, tsohuwar Golf 3 mai giyar hannu da Corolla otomatik. Ni na dage a sa shi a manuwal saboda motar gidanmu manuwal ce, kuma wanda ya iya manuwal ba ya shan wahalar otomatik, amma wanda ya fara da otomatik in ka ba shi manuwal sai ya koma ɗan koyo.

Abu na farko da na duba kafin na biya shi ne ko suna da rajista da Road Safety, don yanzu in za ka yi sabon lasisi sai da takardar shaidar makarantar da hukumar ta amince da ita, kuma sai ka cika shekara 18. Suna da ita, ta rataye a bango. Kuɗinsu bai wuce na sauran makarantun da na zagaya ba, kuma sun yarda a biya kashi biyu.

Amma gaskiya abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutun malamin ne. Dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, tsohon direban haya ne tun zamanin Peugeot 504 ɗin da ake haɗawa a Kaduna. An bar ni na zauna a baya a wasu darussan, kuma abin da na ga ya fi ba wa ƙarfi ba shiga ribas ba ne ba fakin ba, tsayuwa a danja ce. Da farko na yi mamaki, to tsayuwa kuma har sai an koya? Ashe a nan ne yawancin masu manuwal suke kashe motarsu da ƙafarsu ba su sani ba.

Ku tsaya a wata danja mai cunkoso a Kano da yamma ku kalli motoci za ku gane. Wani ya sa giya ɗaya ya danne kuloci har ƙasa yana jira, ko da jar za ta yi minti biyu haka zai zauna ƙafa a maƙale. Wani kuma shi ne mai haf kuloci, wato ya riƙe mota da rabin kuloci, mota tana ɗan gaba tana ɗan baya tana gurnani, wai shi a shirye yake kada adaidaita sahu ya shige gabansa. Sai na uku wanda ya mayar da giya firi ya ɗage ƙafarsa gaba ɗaya ya taka birki ko ya ja birkin hannu. Baba na ukun yake koyarwa, kuma ba cewa kawai yake yi haka ake yi ba, dalili yake kawowa.

A shagon akwai tsohon kuloci da ya ajiye a cikin kwali, filet ɗin da faranti mai danna shi da rilis biyarin. Ranar da zai yi bayanin sai ya zazzage su a kan benci ya miƙa wa ƙanena biyarin ɗin ya ce, "Ɗana, juya wannan da yatsa ka saurara." Yana juyawa sai ka ji ƙarar ƙurrr, duk ya bushe ya yi kaushi. Ya ce duk lokacin da ka taka kuloci wannan ɗan ƙarfen ne yake zuwa ya danne haƙoran sifirin ɗin faranti yana juyawa tare da inji, an yi shi ne ya yi aiki na ɗan lokacin canjin giya ya koma ya huta, to kai da ka danne shi a kowace danja tun daga Hotoro har Kabuga ka ga ka ɗora masa aikin da ba nasa ba. Kuma abin takaicin shi kansa biyarin ɗin ba shi ne mai tsada ba, sai dai ba a kai hannu wajensa sai an sauke giyabos gaba ɗaya, kuma duk bakaniken kirki in ya sauke zai ce maka a canza har filet da faranti a huta, ka ga ƙaramin abu ya ja maka zuwa kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa da kuɗi masu kauri.

Sai ya ɗauko filet ɗin ya nuna mana fuskarsa, ta sule ta yi baƙi tana ƙyalli, har kan ƙusoshin ribit sun fito. Wannan aikin haf kuloci ne. In ka riƙe mota da rabin kuloci filet ɗin bai kama ba bai saki ba, gogar fulayiwil, wato babban faifan ƙarfen da ke juyawa da inji, kawai yake yi yana zafi, wannan ƙaurin da kuke ji a gosulo musamman a hawan gada shi ne. Ƙarshensa wata rana ka taka totur inji ya yi ta ihu mota ba ta tafiya. A wajen Baba haf kuloci a tsaye babban laifi ne, in ya ga ƙafar ɗalibi ta ɗan kwanta a kan feda ko ana cikin tafiya ne sai ya buga dashbod da tafin hannu ya ce "sauke ƙafa". Bai taɓa zagi ba a gabana, wannan ma na yaba, don na san masu koyarwa da yawa da sai sun gama tsorata yaro da tsawa.

Tsarin da ya ɗora shi a kai mai sauƙi ne. In ka iso ka tarar ja ta daɗe ko ka ga lissafin agogon danjar ya kusa ƙarewa, sa giya ɗaya, kuloci har ƙasa, ƙafar dama a birki, ɗan wannan lokacin ba ya cutar da komai. In kuwa a gabanka ta koma ja, to firi, ɗage ƙafa, ka huta. Sannan idonka ya kasance a kan hannun da ake ba wa hanya, da ka ga sun fara tsayawa ka san naka ya zo, sai ka taka ka sa giya tun kafin kore ta kama. Wannan ne amsar masu cewa ai in ka sa firi na baya za su cinye ka da hon. Gaskiya ne a Kano kore ba ta gama kamawa an fara danna maka hon, amma wanda yake lura ba ya makara, wanda yake danna waya ne yake makara ko da giyarsa na ciki.

Ni abin da ya fi taɓa ni ma ba maganar kuɗin gyara ba ce, maganar rai ce. Danjojinmu cike suke da mutane a tsakanin motoci, masu fiya wata, masu goge gilashi, almajirai, masu tura keken guragu, yara 'yan makaranta suna tsallakawa ta gaban bamba. Mota tana cikin giya, ƙafarka ce kaɗai ta riƙe ta, takalminka ya zame ko wani ya ɗan buge ka ta baya ƙafa ta ɗage, wallahi tsalle za ta yi gaba, kuma wanda yake gabanka ba shi da laifin komai. In tana firi da birkin hannu a ja, ko an buge ka ba za ta zabura da kanta ba. Baba ya ma hana ƙanena zuwa darasi da silifas saboda wannan, ya ce ko sau ciki ko takalmi mai maɗauri.

Akwai masu cewa a bar mota a giya don ko ta kwana, in ka hango babbar mota ta taho ba birki ta madubi ka samu ka tsere. Na tambayi Baba wannan da kaina, na ce Baba ya kake gani. Bai yi musu ba, ya ce, "Alhaji, in kai ne na ƙarshe a layi kuma bayanka fili ne, zauna a giya idonka a madubi har sai wani ya tsaya a bayanka, sannan ka sa firi." Ya ƙara da cewa ka bar tazarar da za ka iya ganin tayoyin bayan motar gabanka suna taɓa kwalta, don in ta lalace ko wani abu ya taso ka iya karya sitiyari ka fita ba sai ka yi ribas ba. Wannan amsar ta gamsar da ni don ta nuna mutumin ya yi tuƙi a titi na gaske.

Kuma ba a nan kaɗai ake wannan koyarwar ba. A Ingila dokar hanyarsu ta ce in an tsaya a layi kuma na bayanka ya tsaya, ka ja birkin hannu ka ɗage ƙafa daga birki don kada jan fitilarka ya dame shi, can ma in ka ci jarrabawa da otomatik ba a yarda ka tuƙa manuwal da wannan lasisin ba. Sababbin motocin manuwal masu kashe inji da kansu a danja ma sai ka sa firi ka saki kuloci suke kashewa, kana takawa su tashi, wato masu ƙera motar ma haka suke so a yi.

Tashi a hawa kuwa ya kai shi wajen fitowa daga andafas ɗin Kabuga lokacin da ba cunkoso sosai. Birkin hannu a ja, giya ɗaya, ɗan totur, ɗago kuloci a hankali har ka ji gaban motar ya ɗan ɗaga sautin inji ya sauya, sannan ka sauke birkin hannu. Motar ta mutu masa ba sau ɗaya ba, na baya suna ta hon duk da jan harafin L da ke manne a but, Baba ko a jikinsa, cewa kawai yake yi "sake, ba wanda aka haifa da iyawa". Yanzu yaron yana tashi a hawa ba ta ko matsawa baya.

To sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, don kada wani ya je ya ce ban faɗa ba. Manuwal ɗin guda ɗaya ce tak, ranar da ta shiga gareji darasi ya tashi kenan, kuma ba sa kiran waya su sanar, sai ka je ka tarar. Ba ta da AC, darasin azahar a watan Afrilu azaba ne, ku roƙi na safe. Suna haɗa ɗalibai uku a fita ɗaya, lokacin da kowa yake samu a kan sitiyari bai kai yadda aka faɗa mana ranar biya ba, na yi magana an ɗan gyara amma ba duka ba. Ba su da darasin dare sam, alhali tuƙin dare a Kano da fitilun da ake haske mutum da su wani karatu ne daban. Sannan ba su da mace mai koyarwa, wanda zai kai matarsa ko 'yarsa ya san da wannan, duk da sun yarda muharrami ya zauna a baya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma sun rage nisan da suke zuwa, ba sa hawa bayafas sai ka ƙara kuɗin mai.

Akwai wani matashi da yake karɓar Baba in ba ya nan, shi ma ya iya tuƙi amma gaggawa gare shi, kuma na ga da idona ya bar wani ɗalibi ya riƙe mota da haf kuloci a danja bai ce masa komai ba. Saboda haka in za ku je, ku faɗa tun wajen biyan kuɗi cewa dattijon kuke so, ku nemi lokacin safe, kuma ku ce a rubuta muku a rasit minti nawa ne ɗalibi zai yi a kan sitiyari a kowace fita.