Ciyawar teku a kasuwar Seoul: wadda ake ci ɗanya da wadda ke son awo

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. A kasuwar Jungbu da ke Seoul, Koriya ta Kudu, busasshiyar ciyawar teku ta cika rumfuna kamar yadda kuka da busasshiyar kuɓewa suke cika rumfunan masu kayan miya a wurinmu. Yawancinta daga gaɓar kudu take zuwa, musamman tsibiran Wando. Iri uku ne a gaba: gim, miyok da dashima.

Masu cin ɗanyen ganye da 'ya'yan itatuwa zalla, ba nama, ba kifi, ba madara, sinadarin aidin suke nema a jikin ciyawar nan. A gida gishirin leda mai aidin ne ya rage mana maƙoƙo. A nan ba a zuba wa gishiri aidin, ciyawar ce ke wannan aiki. Babban mutum yana buƙatar aidin maikirogiram 150 a rana, mai ciki 250 (maikirogiram miliyan ɗaya ne ke yin giram ɗaya).

Gim shi ne mai sauƙi: baƙin falle siriri kamar takarda, ana ɗaure shi ɗari-ɗari. Aidin ɗinsa kaɗan ne, falle biyu ko uku a rana ba matsala. Amma na ƙananan ledoji an gasa shi da mai da gishiri, mai son ɗanye sai ya nemi wanda ba a gasa ba. A rufe shi da kyau, iska mai laima tana sa ya yi laushi ya koma ja-ja.

Miyok ana jiƙa shi a ruwan sanyi minti goma, ya kumbura kusan ninki goma, saboda haka giram biyar ya ishi kwano guda. A wanke sau biyu, a matse, a kwaɗa da kokwamba, riɗi da lemon tsami kamar kwaɗon zogale. In ya daɗe a ruwa yauƙi yake yi fiye da kuɓewa. Wanda ya zo kore shar cikin gishiri an riga an tsoma shi a tafasasshen ruwa, asalin ɗanyensa ruwan ƙasa ne. Miyok ne ake yi wa mai jego miya da shi a nan, matsayinsa kamar na kunun kanwa a wurinmu.

Dashima, mai faɗin ganye da kauri, shi ne nake jan kunne a kansa. Giram ɗaya tak zai iya ɗaukar aidin sama da maikirogiram 1,000, kuma yawan aidin yana rikita ƙwayar tayirod ta maƙogwaro kamar yadda ƙarancinsa ke yi. Kada a niƙa shi gari ana barbaɗawa kullum. Mai ciwon tayirod ya tambayi likita tukuna. Akwai kuma tot, wanda Japanawa ke kira hijiki: tun 2004 hukumar abinci ta Birtaniya ta ce a guje shi saboda gubar asenik.

Ciyawar nan ba abin dogaro ba ce wajen bitamin B12, sai an sha ƙwayarsa. Kwaɗon da ake sayarwa a shirye kuwa, a karanta jikin roba, wasu suna ɗauke da sukari, kala da giyar girki.