Sanmachi, tsohuwar unguwar attajiran Takayama: abin da na gani

Daga Nagoya na hau jirgin ƙasa, tafiyar kusan awa biyu da rabi a tsakanin duwatsu, na sauka Takayama da ke lardin Gifu a Japan. Abin da ya kai ni Sanmachi ne, layuka uku na gidajen attajirai da suka kafu tun zamanin Edo, wato lokacin da gidan Tokugawa ke mulkin Japan (1603 zuwa 1868).

Ranar farko da azahar na je, kuma ban ji daɗi ba. Layin Kami-Sannomachi ba masaka tsinke, kowa waya a sama yana ɗaukar hoto. Washegari sai na yi sammako, ƙarfe bakwai ina wurin. A lokacin ne na ga unguwar. Gidajen katako ne baƙi wuluk, rufinsu ƙasa-ƙasa, tagoginsu na siraran sanduna a jere. A gindin kowane gida kwata ce, amma ruwan cikinta garau, har kana jin gudunsa. An tanade shi ne saboda gobara da kwashe ƙanƙarar hunturu. Wata dattijuwa na ɗiba da ludayi tana yayyafa wa ƙofar shagonta.

Inda kuɗina ya biya shi ne gidan Kusakabe, tsohon gidan wani iyalin attajirai, ɗan gaba kaɗan ta arewa. An sake gina shi a 1879, bayan gobarar 1875. Daga waje ba ka ce gidan masu dukiya ne ba. Ka cire takalmi ka shiga, ka ɗaga kai: manyan gungumen katako ne a sarƙe da juna har can sama, hayaƙin murhu ya rina su suna ƙyalli. Na daɗe zaune a bakin murhun nan. Albarkar itacen yankin Hida, inda Takayama take, na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Tokugawa ta karɓe shi ƙarƙashin ikonta kai tsaye a 1692, kuma a wannan ɗakin na gane dalili.

Ga Musulmi, a lura: duk ƙofar da aka rataya wa ƙaton ƙwallon ganyen itace, gidan giyar shinkafa ne. Ko miyarsu sai ka tambaya, don sukan ɗiga giyar girki.

Shaguna kan fara rufewa wajen ƙarfe biyar na yamma. Ka kwana a garin, ka haɗa sammakonka da kasuwar safe ta bakin kogin Miyagawa.