Ajiyar Hotunan da Ke Buɗuwa a Ƙasar Sin: Nazari a Kan Kundin Haɗaka na iCloud

Masu ɗaukar hoton biki da suna a Kaduna, da 'yan kasuwar da ke da wakili a Guangzhou ko Yiwu, da iyayen da 'ya'yansu ke karatu a jami'o'in ƙasar Sin, duk tambaya ɗaya ce take damunsu, wato a ina za a ajiye hotuna a intanet ta yadda wanda yake can zai buɗe su ba tare da ya sha wahala ba. Ɗaukar hoto ita ce sana'ata, kuma tambayar takan zo mini daga bakin iyayen amare, musamman idan yayan amarya ko kawunta yana can bai samu halartar ɗaurin aure ba. Ra'ayina shi ne, ga iyali da ƙaramin ɗan kasuwa, kundin haɗaka na iCloud, wato rumbun ajiyar kamfanin Apple a intanet, kundin da kamfanin ke kira Shared Albums, ya fi sauran dacewa, amma da sharuɗɗan da ya kamata mutum ya sani tun kafin ya dogara da shi.

Dalilin da ya sa zaɓin ya yi ƙaranci shi ne, kusan duk hanyoyin da muka saba da su a nan a toshe suke a babban yankin ƙasar Sin. An rufe Facebook da Twitter da YouTube tun a 2009, aka rufe Instagram a watan Satumban 2014, a 2014 ɗin kuma aka toshe ayyukan Google baki ɗaya, har da Gmail. Wannan na nufin Google Photos, wanda ke zuwa a cikin yawancin wayoyin Android da ake sayarwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da shagunan titin Ahmadu Bello, ba ya buɗuwa a can, duk da cewa yana ba da gigabayit 15 kyauta kuma a wajen tsara hotuna da nemo su ba shi da na biyu. Telegram ya shiga sahun a 2015, WhatsApp kuma a 2017. Flickr, wanda masu sana'ata ke so saboda ba ya rage ingancin hoto kuma yana barin mutum ya ɗora har hotuna 1,000 kyauta, shi ma a toshe yake, haka nan Dropbox.

Amsar da aka fi ba ni idan na faɗi haka ita ce, ai akwai VPN, wato manhajar da ke bi da mutum ta wata ƙasa don ya buɗe shafukan da aka toshe. Gaskiya ne mutane da yawa suna amfani da shi, amma ban ga hikimar gina hulɗar iyali a kansa ba. Tun a 2017 hukumomin Sin suka tsananta a kan VPN marar lasisi, a shekarar kuma Apple ya cire irin waɗannan manhajoji daga shagonsa na ƙasar, saboda haka wanda bai sauke tun kafin ya tashi daga Najeriya ba zai sha wuya kafin ya samu. Ɗalibin da ke zaune da takardar izinin karatu baƙo ne a ƙasar mutane, kuma bai kamata mu sa shi taka doka don kawai ya ga hoton kamun ƙanwarsa ba. Akwai hanya ta biyu, wato ya yi amfani da layinsa na Najeriya da aka buɗe wa aiki a ƙasar waje, domin irin wannan layin yakan bi ta kamfaninsa na gida ya tsallake shingen, sai dai kuɗin datar ya fi ƙarfin sauke hotunan biki guda.

Abin da ya bambanta iCloud shi ne Apple yana kasuwanci a Sin a hukumance, don haka ayyukansa suna tafiya a can. Tsarin kundin ba shi da wuya. Mai iPhone ko iPad ko kwamfutar Mac zai buɗe sabon kundi a manhajar hotuna, ya ba shi suna, ya zuba hotunan, sannan ya gayyaci waɗanda yake so, har mutum 100. Kundi ɗaya yana ɗaukar hotuna da bidiyo har 5,000, wanda ya wadatar da biki tun daga kamu har zuwa buɗar kai. Babban abin da ya ja hankalina shi ne, abin da aka zuba a kundin haɗaka ba a lissafa shi a cikin gigabayit 5 da Apple ke bayarwa kyauta, saboda haka babu kuɗin wata da za a biya. Duk wanda ya san wahalar biyan kamfanin waje da katin naira zai fahimci girman wannan sauƙin.

Tambayar da ke biyo baya ita ce ta masu Android, domin su ne suka fi yawa a cikinmu, a nan da can. A cikin saitin kundin akwai maɓallin da ke mayar da shi shafin intanet, ya ba ka adireshi guda wanda kowa zai buɗe a kowace irin waya ko kwamfuta ba tare da yana da asusun Apple ba. Wannan adireshin za ka tura wa ɗan'uwanka ta WeChat, manhajar hirar da ake amfani da ita a Sin, ko ta wata hanyar da ke isa gare shi. A gwajin da na yi da waɗanda nake hulɗa da su a Guangzhou, shafin ya buɗe a intanet ɗin gida da na waya ba tare da VPN ba, kuma sun iya sauke hotunan da suke so. Mai kallo ta shafin ba zai iya ƙara nasa hoton ko ya rubuta sharhi ba, wannan sai wanda aka gayyata da asusun Apple.

A nan ne sharuɗɗan suke, kuma ina so a ɗauke su da muhimmanci. Na farko, kundin yana rage girman hoto zuwa fiksel 2048 a ɓangarensa mafi tsawo, bidiyo kuma ba ya wuce minti 15. Ga kallo a waya wannan ya isa, ya isa kuma a wanke ƙaramin hoto a sa a aljihu, amma bai isa a buga babban hoton bango ba. Ɗan kasuwar da ke tura samfurin shadda ko leshi ko tayil don a yi masa irinsa a masana'anta ya kamata ya ɗauki kayan daga kusa, ya nuna saƙa da zane a hotuna daban-daban, maimakon ya ɗauki hoto ɗaya daga nesa yana fatan za a faɗaɗa shi a can. Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna, adireshin shafin ba shi da kalmar sirri. Duk wanda ya same shi zai ga komai, kuma hotunan biki a al'adarmu sun ƙunshi matan aure da 'yan mata a cikin gida, inda ba kowane ido aka yarda ya kai ba. Shawarar da nake ba iyayen amare ita ce a ware kundi na musamman da hotunan da aka amince a gani, a kunna shafin na 'yan kwanaki, idan na can ya gama saukewa a kashe maɓallin, adireshin ya daina aiki.

Akwai wani batun da ya shafi masu dogon zama a can. Tun daga watan Fabrairun 2018, asusun iCloud da aka yi wa rajista a matsayin na babban yankin Sin yana ƙarƙashin wani kamfanin lardin Guizhou ne mai suna GCBD, wanda ke da alaƙa da gwamnatin lardin, kuma a cikin ƙasar ake ajiye bayanan. Ɗalibin da ya sayi waya a can ya buɗe sabon asusu da adireshin Sin ya shiga wannan tsarin ke nan. Wanda ya tafi da asusunsa na Najeriya ya fi kyau ya bar shi a yadda yake.

Ba zai yiwu a yi wannan nazari a tsallake WeChat ba, domin babu ɗan kasuwar Kaduna da ke sayayya a unguwar Xiaobei ko a baje kolin Canton, duka a Guangzhou, da ba shi da ita a waya. Wajen sauri da tabbacin isar saƙo ta fi iCloud, kuma idan aka zaɓi tura hoto a asalin girmansa ba ta matse shi. Amma manhajar hira ce, ba rumbun ajiya ba, hoton da aka daɗe ba a sauke ba yakan daina buɗuwa, kuma nemo hoton bara a cikin hirar shekara guda aiki ne mai gajiyarwa. Bayan haka, binciken da cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta fitar a 2020 ya nuna cewa ana sa ido a kan hotuna da takardun da ake turawa ta WeChat, har da na asusun da aka buɗe a wajen Sin. Ina ganin ta dace da hoton kaya da rasidi, amma ban yarda in zuba hotunan iyalan mutane a cikinta ba. Shi kuwa Baidu Netdisk, rumbun ajiyar intanet na wani kamfanin Sin, yana da wuri mai yawa, sai dai buɗe asusunsa yakan buƙaci lambar wayar Sin, wanda hakan ya fitar da mu na Kaduna daga lissafi.

Kamfanin da ke tura dubban hotunan kaya a kowane wata ya wuce matakin kundin haɗaka. Abin da ya fi masa shi ne ya yi hayar sabar kwamfuta a Hong Kong ko Singafo, ya ɗora manhajar ajiyar hotuna irin Nextcloud ko Piwigo a ƙarƙashin sunan shafinsa, inda zai samu kalmar sirri da cikakken ingancin hoto, muddin yana da wanda zai kula masa da ita.

Wannan hukunci nawa na ƙasar Sin ne kaɗai, domin kowace ƙasa da irin nata shingen. Rasha ta rufe Facebook da Instagram a watan Maris na 2022, Iran kuma, inda muke da ɗalibai daga Kaduna da Zariya, ta toshe Telegram tun a 2018. Jerin abin da aka toshe yana canzawa ba tare da sanarwa ba, kamar yadda mu ma muka gani a 2021 lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya na tsawon wata bakwai, aka kuma yanke layukan waya a wasu sassan jihar nan. Saboda haka asalin hotunan su kasance a ajiye a kwamfuta ko a faifan ajiya a gida, kada kundin ya zama shi kaɗai ne ma'ajiya. Kafin ranar biki kuma, a buɗe ƙaramin kundi da hoto biyu ko uku, a tura wa na can adireshin, a roƙe shi ya kashe VPN idan yana da shi, ya gwada buɗewa a intanet ɗin masaukinsa da kuma a layin wayarsa na Sin, domin sakamakon biyun ba lallai ne ya zama ɗaya ba.