Asabar shida a ajin koyon magana: abin da na ɗauka da abin da na bar musu

Ni tela ne, shagona yana kusa da Kantin Kwari a Kano, kuma tun ina yaro ake ce mini mai nauyin baki. Keken ɗinki ba ya neman hira, shi ya sa sana'ar ta karɓe ni. Da mutane ne nake shan wahala. Kwastoma zai ɗauki kayansa ya ce "zan aiko", in ce "ba komai", alhali kuɗin zare ma ban mayar ba. Wadda zan aura kuwa, ranar da ta gaji cewa ta yi, "Kai in ka zo zance sai na yi ta jan magana a bakinka kamar mai jan guga a rijiya gaba dubu." Na yi dariya a gabanta, amma daren nan ban yi barcin kirki ba.

Maganarta ce ta kai ni wata cibiya a Zoo Road da ke koyar da magana a gaban jama'a da iya mu'amala. Ba zan ambaci sunanta ba, kada a ce talla aka biya ni, ko kuma ɓata musu kasuwa na zo yi. Na biya naira dubu 25 na Asabar shida, daga ƙarfe 10 zuwa kafin azahar. Mu 16 ne, maza gefe guda, mata gefe guda.

Malamin bai ɓoye inda ya samo tsarinsa ba. Ya ce daga Toastmasters ne, ƙungiyar koyon jawabi da Ralph Smedley ya kafa a Kalifoniya ta Amurka a 1924. Kowa sai ya tashi ya yi magana, ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Jawabin da ka shirya minti 5 zuwa 7 ne: a minti na 5 a ɗaga maka koren kati, na 6 ruwan ɗorawa, na 7 ja, ka zauna ko ka gama ko ba ka gama ba. Akwai kuma na ba-zata, a jefo maka tambaya ka amsa cikin minti ɗaya zuwa biyu. Ranar farko tawa ita ce, "Me ya sa teloli ba sa cika alkawari ranar sallah?" Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa gumi har cikin hula. An sa wata ɗaliba tana ƙirga kalmomin cike gurbi, da na zauna ta ce na faɗi "wato" sau 14. Ban taɓa sanin ina da wannan ciwon ba.

Abin da ya fi mini amfani shi ne mako na uku, da aka yi gwajin neman haƙƙi. Malam ya zauna a matsayin wanda nake bi bashi, ya ce in tambaye shi kuɗina. Sau uku ina farawa da "don Allah ka yi haƙuri", sau uku yana tsayar da ni. "Haƙurin me kake ba shi? Kai ka ci masa?" Ya ce in gaisa yadda ya kamata, in faɗi adadin, in nemi rana, sannan in yi shiru. Shirun nan shi ne aikin. Ranar Litinin wani Alhaji da nake bi dubu 18 tun babbar sallah ya shigo da sabon yadi. Muka gaisa, na tambayi iyali, na ce, "Alhaji, akwai cikon dubu 18 na wancan ɗinkin, yaushe zan sa rai?" Na kama bakina, zuciyata na dukan uku-uku. Ya ɗan duba waya, ya ce wallahi ya manta, ya tura nan take. Ko ɓata rai bai yi ba. Wata huɗu ina dakon abin da minti ɗaya ya ishe shi.

Inda muka raba gari da malam shi ne darasin kallon ido. Ya dage cewa mai gaba gaɗi yana kallon tsakiyar idon wanda yake magana da shi, ya kuma damƙe hannu da ƙarfi in ana musabaha. Wata hajiya a ajin, malamar firamare, ta ce, "Malam, har da surukai?" Ya ce har da kowa. Ni da ban san dawan garin ba na je na gwada a kan mahaifina da daddare. Baba ya ajiye kofin shayi ya ce, "Lafiya kake ƙura mini ido kamar na ci maka bashi?" Allah Ya taimake ni da shi na fara, ba da baban yarinyar ba. A wajenmu yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, ya miƙa hannu biyu, ya ɗan rusuna, ladabi ne. Malam ya haɗa kunya da tsoro ya zuba a kwando ɗaya, alhali tsoron ne ya hana ni karɓar kuɗina, kunyar kuwa ita za ta sa a ba ni mata. Takardun da aka raba ma duk da Turanci suke, ga misalan ofis da neman aiki, mu kuma yawancinmu 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Sau biyu ana farawa a makare, rana ɗaya kuma aka ɗauke wuta babu mai a janareta, muka dahu. Takardar shaidar da suka ba mu tana cikin durowa tare da allurai.

Ga wanda harshensa ke ɗaurewa gaban mutane, kuɗin bai faɗi a banza ba, don samun wurin da za ka yi kuskure sau shida ba a tafi da kai a baki ba abu ne mai wuya. Sai dai ka tace, kada ka kwaso duka. Wanda kuma damuwarsa ta kai ba ya iya fita cikin jama'a sam, likita ya kamata ya fara gani, ajin nan ba asibiti ba ne.

Juma'ar da ta wuce na je zance na ba ta labarin Baba da kofin shayi, ta yi dariya har ƙanwarta ta leƙo soro ta ga ko lafiya. Da zan tafi ta ce ta ƙirga, "wato" sau 5 kawai na faɗa.